Tambayar da Aka Kai wa Goron Ban Haƙuri

Ƙarfe goma da rabi na safiyar wata Laraba, mu uku ne manya a aji shida: ni malamin ajin, da hedimasta, da wani malamin gona da aka turo mana daga Kazaure. Makarantar tana wani ƙauye a ƙasar Roni. Lokacin kuɗin mai ya shigo, gwamnati na ta kawo takin zamani da araha, baƙon kuwa ya zo ya gaya wa yara amfaninsa don su kai labari gida.

Ni ban yi dogon karatu ba, ƙaramar takardar malanta gare ni. Amma na riƙe abu ɗaya daga wanda ya koya mana kimiyya: duk wanda ya ce maka bincike ya nuna, ka yi masa tambaya uku bi da bi. Wa ya gwada? A ina ya gwada? Da me ya kwatanta? Tun farkon shekara nake nanata wa yaran wannan. Mun shuka wake a gwangwanayen madara, wasu da jar ƙasar gindin dutse, wasu da ƙasar fadama, suka gani da idonsu ba daidai suka tashi ba. Duk da haka in na ce akwai tambaya, sai su haɗa baki su ce, "Babu, Malam." A gida an koya musu cewa tsakanin yaro da babba sai gaisuwa da "to".

Baƙon ya gama bayani, ya ce bincike ya nuna takin yana ninka gero. Ya ce a yi tambaya. Yara suka shiga kallon juna. Na zare musu ido. Sai monita ya miƙe, ya rusuna, ya ce, "Ranka ya daɗe, ya hanya?" Hedimasta ya ce madalla. Ni kuwa na ji kamar ƙasa ta tsage in shige.

Can sai wani siririn yaro a bencin baya ya ɗaga hannu. Ya ce, "Ranka ya daɗe, a wace irin ƙasa aka gwada? Tamu tsakuwa ce." Baƙon ya ce a gonar gwaji ta gwamnati ne, batun tsakuwa kuwa zai bincika. Bai ji haushi ba ko kaɗan. Ranar na koma gida ina jin aikina ya fara tsiro.

Washegari, tun kafin a buga ƙararrawa, sai ga uban yaron da fartanya a kafaɗa. An gaya masa ɗansa ya titsiye baƙon gwamnati a gaban jama'a.

"Malam, karatu na kawo maka shi ko alƙalanci?"

Na ce, "Baba, tambaya ya yi, kuma mai kyau."

"Mai kyau a wurin wa? Ni da na haife shi bai taɓa ce mini 'a ina' ba. In aka hana unguwarmu taki saboda bakinsa, kai za ka ba mu, ko allinka za mu barbaɗa a gona?"

Ya ce ko dai yaron ya je ya ba da haƙuri, ko ya cire shi daga makaranta ranar nan. Na juya wurin hedimasta, shi kuwa ya ce, "Malam, a bi a hankali. In ɗaya ya fita, sauran iyaye za su bi sahu." Na yi bayani na farko, na yi na biyu, babu wanda ya saurara. Yaron shi ne na ɗaya a ajin, jarrabawar shiga sakandare kuma ta gabato. Na haƙura.

Ranar kasuwar Roni muka sami malamin gonan a rumfar taki. Yaron ya durƙusa, uban ya miƙa goro. Mutumin ya dube mu ya ce, "Laifin me kuma?" Ya ma manta. Ya yi dariya, ya karɓi goron, ya sa wa yaron albarka.

Yaron ya zauna a makaranta, ya ci jarrabawa, ya wuce sakandare. Amma har ya bar hannuna bai sake ɗaga hannu ba. In na kira shi na ce me ya gani, sai ya sunkuyar da kai ya ce, "Yadda ka ce, Malam." Wannan amsa ta fi zagi ci mini rai, har yau da na tsufa.

Don Allah, kai mai karanta wannan, in ɗanka ya tambayi baƙonka inda ya samo maganarsa, kada ka harare shi, kada kuma ka ba da haƙuri a madadinsa. Ka yi shiru, ka bar baƙon ya amsa.