Jaz ɗin Kawu Nomau Ba Tsafi Ba Ne

Yau da safe ina kan hanyar shago na ga Alhaji Gado ya fito da gurumin Kawu Nomau daga ɗaki. Bai riƙe shi da hannu ba. Bisa sanda ya rataye shi, nesa da jikinshi, kamar wanda ya kashe maciji, ya je ya yada shi bayan darni.

Nan take na tsaya.

Na ce, "Alhaji, lahiya?"

Bai dube ni ba. Ya ce, "Ƙanena ya cika da asuba can Yamai."

Inna lillahi wa inna ilaihi raji'un.

Ku yi haƙuri da rubutun. Amma dole in yi magana kafin motar da ta ɗauko shi ta iso Filinge. An ce sun baro Yamai, bayan la'asar za a yi mishi sallah. In an yi.

Na ce in an yi, don ga abin da ake ciki.

Wanda bai san shi ba, Kawu Nomau mai gyaran rediyo ne nan bakin kasuwa. Ba dangina ba ne, Kawu dai muke ce mishi mu duka. Ni nike buga mishi ƙwarya in shina kiɗa. Da ƙuruciya ya zauna Yamai, ya kaɗa gita cikin wani orkes, wato ƙungiyar makaɗan zamani, can ya ji kasat na baƙaƙen Amirka masu busa, waɗanda kowa ke bin tashi hanya cikin kiɗa guda. Ya dawo gida da abin cikin kunne. Sunan irin wannan kiɗan jaz. Kowa ya tambaye shi, haka yake cewa: "Ni jaz nike yi."

To bana wani ɗan unguwarmu ya dawo ci-rani daga Legas, ya ji wannan maganar, ya kama baki. Ashe can in an ce mutum na jaz, asiri ake nufi. Tsafi. Ba zan faɗi sunanshi ba, don ba ƙarya ya yi ba, na tambayi wasu ƴan ci-rani sun ce haka ake cewa can. Sai dai ba shi Kawu ke nufi ba.

Magana ta bi fada-fada, ta shiga gidaje. "Da bakinshi ya faɗi."

Kuma abin ya samu wurin zama, don Kawu ba ya kiɗa irin na mutane. Ya ƙara ma guruminshi tsirkiya da wayar birkin moto. Ya ciro wani ɗan abu cikin matacciyar salula ya liƙa jikin ƙoƙon, ya ja waya zuwa lasifika, gurumi ya koma shina gurnani. Shina bin gari da salula shina ɗaukar sauti: luguden mata, kukan ƙarfen da ake jan guga da shi a rijiya, hayaniyar shanu ranar kasuwar Balleyara. In ya dawo ya kunna su, ya riƙa ba su amsa da gurumi. Mai wucewa sai ya ji ana daka cikin shagon da babu mace, ya ƙara sauri.

Ga shi ƙasar nan in an ga gurumi, wasu bori ke zo musu a rai.

Ga shi kuma tun damanar bara ƙafafunshi sun kumbura, ya daina fita masallaci. Bayan tulin rediyo yake shimfiɗa buzunshi. Ni na gani. Amma wa ke leƙa bayan tulin rediyo?

Ɗazu na tafi wurin Liman in roƙe shi ya yi mishi sallah, don wasu na cewa ba a yi ma matsafi. Allah Ya saka mishi, bai kore ni ba, bai kuma ce a'a ba. Ya ce, "Sule, kai abokin kiɗanshi ne, dole ka so shi. Mutane sun zo mini da magana mai nauyi. Kawo mini waɗanda ba makaɗa ba, sunka gan shi da idonsu shina sallah, in samu abin da zan ce ma jama'a."

Na fito na ciro salula na fara kiran mutane.

Jama'a, wanda ya ce kiɗa ba kyau, wannan maganar malamai ce, ba ni da ilimin da zan sa baki. Amma kiɗa daban, tsafi daban.

Mutumin nan, ranar da na fara zama ƙofar shagonshi ina saurare, bai tambaye ni ɗan wane ne ba. Ya turo mini ƙwarya da ƙafa, ya ce, "Zaman banza ya fi ciwo, buga." Na buga, na ɓata. Ya sake. Na ɓata. Har rana ta juya bai ɗaga mini murya ba.

Kullum in ya kauce ya shiga wata hanya sai in bi shi, kiɗa ya watse. Rannan ya aje gurumi ya ce, "Kai Sule, in ka biyo ni daji, wa za ya tsaya mini gida? Riƙe naka. Ina dawowa."

Kuma shina dawowa. Sai ka cire rai, ka ce wannan ya ɓace, kawai ka ji shi ya faɗo daidai kan hannunka shina dariya.

Kiɗa guda, mu fara shi da shayin fari, har a sha na ƙarshe bai ƙare ba, ya canza kama ya sake canzawa. An taɓa kiranmu biki garin Damana, sau ɗaya tak. Mata sunka shiga fili, kowa ta ɗaga ƙafa ta rasa inda za ta sauke ta. Wata tsohuwa ta riƙe ƙugu ta ce, "Nomau, kiɗan ga naka gurgu na?" Ya ce, "Inna, ba gurgu na ba, yanga shikai." Ta ce, "To shi tahi shi yi yangatai gidanku." Har muka iso gida shina maimaita maganarta shina share hawaye don dariya.

Tsofaffi nawa ya gyara ma rediyo ya kai musu har ɗaki? Da babana ya kwanta, shi ya zo ya ɗaura mishi waya bisa itace don tasha ta kama, ya zauna har sunka ji labarai tare.

Wannan ne za a tsaya ana shawara a kanshi?

Ganina da shi na ƙarshe, ranar da za a kai shi likita Yamai ne. Ni na goya shi a moto, wato babur, zuwa tasha, gari bai gama wayewa ba. Anka kira assalatu. Ya ce a ba shi ruwa. Mai shayin tasha ya sirka mishi na buta da na zafi, ya yi alwala, ni na wanke mishi ƙafafu don ba ya iya duƙawa. Ya yi sallah zaune bisa benci. Ya daɗe cikin addu'a har direba ya fara danna oda.

Mai shayi ya ce, "Nomau, ka bar ma wasu Allahn mana, mota za ta tashi." Kawu ya shafa addu'a, ya ce, "Kai dai sa sukari, Bazabarme."

Da aka tada mota injin na wani ɗingishi. Ya kama gwiwata ya buga mini shi da yatsa. "Ka ji? Riƙe mini wanga, in na dawo mu gwada." Da muka ɗaga shi za mu sa shi ciki, ciwo ya soke shi, ya yi kalmar shahada da ƙarfi, duk wanda ke wurin ya ji.

Allah Ka ji ƙan Kawu Nomau. Ka sa ciwon da ya sha ya zama kankarar zunubi, Ka yalwata mishi makwanci, Ka ba iyalinshi da Alhaji Gado haƙuri. Wanda duk ya karanta, don Allah ya tsaya ya yi mishi addu'a ko da guda, wanda ke Filinge kuma ya fito sahu da la'asar.

Sannan ku taimake ni, rana na tafiya. Na kira waɗanda ke tasha ranar, layin wasu ba ya shiga. Wanda ke kusa da mutanen nan ya ce musu Liman na jiransu ƙofar masallaci kafin la'asar, don ba ni kaɗai na gani ba. Hamani mai shayin tasha na wurin, shi ya ba da ruwan. Hajo mai ƙosai na wurin, ita ta matsa mishi benci. Idi direba na wurin, da Malam Bawa mai awon hatsi da ya zauna kusa da shi har Yamai.