Sunan da Astajam Ba Ta Faɗa

Idan aka tambayi Astajam 'ya'yanta nawa, sai ta ce huɗu, amma hannunta na dama yakan buɗe a kan gwiwa da yatsu biyar cur. Mai tambaya bakinta yake kallo, shi ya sa shekara da shekaru ba wanda ya lura.

Na biyar ɗin shi ne na fari, Hamajulde. A Garwa, a gidajen Fulani da suka riƙe al'ada irin nasu, uwa ba ta ƙirga ɗan fari, ba ta kiran sunansa, ba ta yi masa wasa a gaban mutane. Ana yaye shi uwar mijinta, Dada Kingi, ta goya shi ta tafi da shi ƙauyensu can bayan Pituwa. Astajam tana tankaɗe a lokacin, ba ta ɗaga kai ba, kowa kuma ya yaba kunyarta. Yaron ya tashi yana ce mata Adda, wato yaya. Ita kuwa in ya zama dole ta ambace shi, sai ta ce "na ƙauye".

Shekara ashirin da tara ta yi tana buga takardu a ofishin wata makarantar sakandare a unguwar Lopere. Wasiƙun shugaban makaranta, sunayen ɗalibai, tambayoyin jarrabawa, duk maganar wasu ce take bi ta yatsunta ta wuce. Tana cikin buga 'yan labaran da ake ba yara su karanta a jarrabawa ne ta fara jin ita ma tana da nata. Labarin wata mata ne da ɗanta na fari. Ta san farkonsa, ta san inda zai dire, ta san har launin ƙofar gidan matar. Tana wanke-wanke tana tsara shi, tana tsinke yakuwa tana gyara shi. Abin da take so shi ne wata rana Hamajulde ya karanta, ya tsinci abin da bakinta ba zai faɗa ba.

Da fari ta ce sai ƙannensa sun girma. Suka girma, ta ce sai ta yi ritaya. Ranar da ta ajiye aiki makarantar ta bar mata tsohon keken rubutunta, tun da kwamfuta ta riga ta kore shi. Ta ɗinka masa riga da ragowar atamfa, ta ɗora shi a kan tebur kusa da taga. Sai mijinta, Malam Bobbo, ya kwanta ciwo, ya rasu, ta ce sai bayan takaba. Bayan takaba zafi ya shigo, irin zafin Garwa da ko kaza ba ta fita. Zafi ya wuce, azumi ya zo. Duk Juma'a takan cire wa keken riga, ta ɗiga masa man keken ɗinki, ta goge haruffan ɗaya bayan ɗaya da tsinke, ta mayar masa da rigarsa.

Mutum ɗaya ta san da labarin, Dudu, ƙanwar marigayin, mai sayar da bandar kifi a kasuwar bakin gada. Tun Astajam tana amarya suke wasa da juna, kuma Dudu ba ta da birki a baki.

"Madam Sakatare, yau ma an yi wa angon wanka?" in ji ta, tana ajiye tirenta. "Ni dai ban taɓa ganin namijin da ake shafa wa mai shekara uku bai ce ko uffan ba."

Astajam ta ce ƙyallen tawadar ne ya bushe, kuma yanzu ba a samunsa a kasuwa. Mako biyu bayan nan Dudu ta dire mata guda biyu sababbi a cinya, wai wani direba ya samo mata a Marwa. Ta ce, "To, saura me? Ko sai na ciro miki yatsu daga kogin Binuwai?"

Ainihin abin da ya hana ta, ko Dudu ba ta sani ba. Sau biyu Astajam ta taɓa saka takarda. Layin farko yakan zo da sauƙi. A na biyu yaron yake shigowa, kuma dole ya shigo da suna. Ta gwada sa masa suna Sali, nan take ya zama ɗan wasu, ta dube shi ba ta ji komai ba. Sunansa na gaskiya kuwa, yatsunta sukan tsaya a kan haruffan kamar an ɗaure su. Sai ta zare takardar ta hura wuta da ita.

Farkon damina Hamajulde ya zo. Yana tuƙin manyan motoci a Duwala, yanzu kuma ya samu aikin jigilar katako a Gabon, na shekara biyar. Ya zo sallama ne. Ya kwana biyu a ƙauye, inda kabarin Dada Kingi yake, ya ba Garwa yini ɗaya.

Ya cire takalmi ya durƙusa a bakin ƙofa, ya gaishe ta. Ta amsa tana kallon bango. Ta tura masa tuwo da miyar yakuwa da kifi ta hannun ƙanwarsa, ta ji shi yana santi, yana tsokanar Dudu wai kifinta ya fi ta ƙiba. Furfura ta fara fito masa a gefen kunne. Da wutsiyar ido ta gani.

Zai tashi ke nan ya hango keken. Ya yi 'yar dariya, ya juya wajen Dudu, don ba zai doshi uwarsa da dogon zance ba.

"Goggo, kin san wannan abin? In na zo hutu ina yaro, sai in sulale in tafi makarantar su Adda, in tsaya bayan tagar ofis ina jin ƙararsa. Kaf-kaf-kaf, sai ƙararrawa. Ina jin Adda ba ta taɓa ganina ba."

Ta gan shi. Ta san koriyar rigarsa mai aljihu ɗaya, ta san yadda yake ɗora ƙafa ɗaya a kan ɗaya kamar balbela. Saboda shi takan ƙi tafiya cin abinci, ta sake buga takardar da ta riga ta gama, don kada ƙarar ta yanke ya tafi. Duk wannan ta so ta faɗa. Abin da ya fito shi ne, "Allah ya kiyaye hanya."

Da la'asar ya hau motar Ngaundare, daga can jirgin ƙasa. Ya ce zai yi kwana shida a Duwala kafin takardunsa su fito.

Washegari Litinin ce. Ta gama shara, ta ɗora ruwan kunu, sai ta tarar da kanta a gaban tebur ta cire wa keken riga. Ba ta nemi man ba. Ta saka takarda, kuma maimakon ƙofar gidan da ta shekara ashirin tana tsarawa, ta fara da taga. Ta buga da Fulatanci, harshen da keken bai taɓa ɗanɗanawa ba, cewa wani yaro mai koriyar riga yana tsaye a bayan taga, wata mata kuma a ciki tana buga takardar da ta riga ta gama. Ta rubuta rana, ta rubuta inuwar dalbejiya da ta tsaya daf da ƙafarsa ba ta kai gare shi ba. Shafi ya cika, yaron bai nemi suna ba tukuna.

A shafi na biyu wata tsohuwa ta shigo labarin. Astajam ba ta shirya da ita ba. Ta biyo sawun jikanta ne, da sanda, da ƙwarya a ka, tana faɗa tun daga bakin titi. Tsohuwar ba ta da kunyar kowa, jikanta ne, ita ta goya shi. Ta buɗe baki ta ƙwala masa kira, yatsun Astajam kuma suka bi muryar tsohuwar, harafi tara, har ƙarshe.

Ta zauna tana kallon sunan a kan takarda. Ba ita ta faɗa ba, tsohuwar ce. Ta sa ta sake kiransa, sau biyu, na biyun a hankali. Ruwan kunu ya ƙone a tukunya.

Da hantsi Dudu ta shigo da ƙaramin buhu, bandar kifi da busasshiyar kuɓewa, za ta ba direban motar Duwala ya kai wa ɗan yayanta kafin ya ƙetare. Tun daga soro ta ji ƙarar. Ta tsaya a ƙofa, ta buɗe baki, sannan ta rufe, abin da ba a taɓa gani ba. Can ta ce, "Ashe angon yana magana."

Shafi uku ne kawai, matar cikin labarin ko tashi daga kujera ba ta yi ba. Astajam ta so ta ce sai ta gama, sai ta gyara, sai wani zuwan. Ta tuna wani zuwan shekara biyar ne. Ta aiki Dudu ta sauke mata tukunya, ta ninke takardun gida huɗu, ta sa a leda, ta tura su can ƙasan buhun, ƙarƙashin kuɓewa. Wataƙila ya gani a Duwala. Wataƙila sai kuɓewar ta ƙare, wata uku ko huɗu, a wani daji da ba ta san sunansa ba.

Dudu ta ɗauki buhun ta fita tana mitar nauyinsa. Astajam ta jiƙa tukunyar da ta ƙone, ta zauna a bakin rariya tana kankare ta da cokali.