Ƙwaryar Bado a Ƙofar Gidanmu

A gidanmu na cikin garin Hadejia ba a cin bado. In ruwan fadama ya fara janyewa, mata suka shigo kasuwa da 'ya'yan bado a ƙorai, mu sai dai kallo. Gwaggona takan taɓe baki ta ce abincin matsiyata ne, mu kuwa jinin malaman Borno ne, cikinmu ba ya karɓarsa. Ni da na ga yadda cikin Gwaggo ke karɓar duk abin da aka miƙa masa, ban taɓa gamsuwa da wannan bayani ba.

Abin mamakin, duk shekara sai an kawo mana shi har gida. Wata mata ce daga wani ƙauye can bayan Auyo take kawowa, kafin ita kuma uwarta. Takan zauna a zaure a kan matacciyar tabarma, a karɓi ƙwaryar a juye wa kaji, a ba ta tsohon zane da ɗan hatsi, ta yi godiya ta kama hanya. An ce mana gaisuwar bayi ce, wai kakanninta bayin kakanmu ne. Ina girma tana tsufa a kan tabarmar nan, ba ta taɓa wuce zaure ba.

Bayan na bar aikin koyarwa, Baffa, ƙanin mahaifina wanda shi ne babba a gidan, ya ce za a yi taron zumunci, yana son a buga tarihin gidanmu a raba wa dangi. Ya ɗauko tsohuwar gafaka ya miƙo min, saboda ni ce mai haƙurin karanta ajami. Abin da yake so a bayyane yake, a nuna wa duniya daga inda muka fito, musamman surukai.

Takardun sun yi ja, gara ta ci gefensu. Mafi tsufa ita ce ta rabon gadon kakan kakana, wanda ya kafa gidan, bafatake ne da ya rasu tun Turawa ba su zo ba. An rubuta dawakinsa da rigunansa da rumbunansa. An rubuta bayinsa kowa da inda aka samo shi, ba ko ɗaya daga fadama. Uwarsa kuwa ko sunanta babu, sai layi guda da ya ce bai bar uba ko uwa a raye ba. Mutumin da aka tuna launin dokinsa, an manta wadda ta haife shi. Wannan ya tsaya min a rai, kuma tunda matar zaure ba jikar bayi ba ce, ina so in ji ko ita wace ce.

Na hau babur zuwa bakin ruwa, kwalekwale ya ƙarasa da ni. Na tarar da ita tana shanyar bado a bayan ɗaki, ƙafafunta duk tabon matsattsaku. Ta ga takalmina ya sha laka ta yi dariya.

"Malama, yau 'yan birni ne a garinmu? Lafiya dai?"

"Lafiya lau, Iya. Tambaya na zo yi. Me ya haɗa ku da gidanmu?"

Ta juya badon da hannu ta ce, "Ba wanda ya taɓa tambaya."

Ga abin da ta ji daga kakarta. A wata shekara ruwa ya yi ambaliya ya cinye gero tun yana tsaye, abin da ya tsira kuma tsuntsu ya gama da shi. Akwai wata mata a ƙauyen, mijinta ya rasu ya bar ta da 'ya'ya maza biyu, ɗaya na goye, ɗaya ya isa aike. Ba gona, ba akuya. Kullum sai ta kwanta a kan gora ta shiga ruwa ta tsinko bado, ta shanya, ta daka, ta yi musu dambu. Babban yaron yana son dambun nan ƙwarai, har ƙwaryar yake lashewa. To amma yunwa ta kai kowa cikin ruwan, badon ma ya ƙare.

Ana cikin haka fatake suka sauka a bakin gari. A lokacin akan ba da yaro jingina a karɓi hatsi, in Allah ya hore a dawo a fanshe shi. Ta dubi 'ya'yanta. Na goyen ba wanda zai karɓa, babban kuwa zai iya kora jaki. Ta wanke shi, ta ce masa aike ne, ya bi mutanen nan, gobe za ta biyo shi. Ya tafi yana waiwaye. Hatsin da ta karɓa bai kai su damina ba, amma ƙaramin ya rayu.

"Ana so ake kaiwa kasuwa," in ji tsohuwar. "Ba ta taɓa samun abin fansar ba."

Yaron ya sha wuya a hannun fatake, ya fanshi kansa da guminsa, ya yi arziki, ya zo Hadejia ya gina gida, ya ce shi ɗan malaman Borno ne, maraya. Labarinsa ya kai fadama. Uwar ta rasa da me za ta je masa. Ba ta da shaida, kamanninta ma yunwa ta canja su. Sai ta yi dabara irin ta uwa, ta dafa dambun bado ta rufe da faifai, a ganinta da ya buɗe zai gane ta.

Ya kuwa gane ta. Yana zaune a zaure da baƙi, ya ɗaga faifan, ya dube ta, ya mayar ya rufe. Ya ce da yaransa, "Baiwa ce daga gonarmu ta fadama, gaisuwa ta kawo. Ku juye wa kaji, ku ba ta sadaka." Ranar ya hana cin bado a gidansa har abada.

Na ce, "Sai ta haƙura?"

"Ina! Shekara na zagayowa ta koma. Shi ya riga ta mutuwa ma. Ranar rabon gadonsa tana bakin ƙofa da ƙwaryarta, alƙali yana ciki ana gaya masa mamacin ba shi da uwa."

Na tuna layin nan na takarda. Ta rayu a kan bado ta mutu a kan bado, alhali tana da rabo a kowane rumbu na gidan. Na ji haushin kakan nawa. Sai kuma na tuna yaron da aka ce masa gobe, haushin ya rasa inda zai sauka.

"To ku me ya sa kuke ci gaba da kaiwa, Iya, kuna gani ana ba kaji?"

"Wasiyya ce. Da za ta cika ta ce da ƙaramin ɗanta, kakanmu ke nan, kada a daina kai masa. Ta ce yaron yana so, kunyar baƙi ce ta hana shi ci."

Da zan tafi ta raka ni bakin ruwa. Ba ta roƙi komai ba, sai ta ce da ma kafin ta mutu ta ga tsakar gidan nan sau ɗaya, ta ga inda yaron ya zauna. Ni da bakina na ce mata wannan ai ƙaramin abu ne.

Na dawo na zayyana wa Baffa komai, na nuna masa takardar. Na zaci zai yi kuka. Ya saurara har ƙarshe yana jan carbi.

"Wa kika faɗa wa?"

"Kai kaɗai, Baffa."

"To ya tsaya nan. Ke malama ce, kin san abin da ke biyo bayan irin wannan magana. Yau tsakar gida, gobe a ce gado. Kuma 'ya'yanmu suna gidajen mutane."

Na ɗaga murya, abin da ban taɓa yi masa ba. Na ce matar nan jininmu ce, zumunci ake taro a kai ko ƙarya? Ya miƙo hannu ya karɓe gafakar. Littafin ya fito ba da hannuna ba, da bango mai sheƙi. A ciki an ce mahaifiyar kakanmu 'yar manyan malamai ce, ta rasu yana goye. Gwaggo ta karanta wa surukai har da hawaye.

Da ruwa ya janye tsohuwar ta zo kamar kullum. Na je gidan ranar da gangan, ina shirin in kama hannunta in shigar da ita ko da za a yi rigima. Na tarar da ita a waje, a gindin katanga, cikin rana. An kulle ƙofar zaure, an naɗe tabarmar. Baffa ya ba da umarni kada a ƙara karɓar komai daga mutanen fadama. Garin neman gira na rasa mata ido, kuma har yau abin yana cina.

Ta ɗago ta dube ni.

"Kin faɗa musu?"

"Na faɗa, Iya."

"To, shi ya sa," ta ce. "Ashe sun yarda."

Na ce ta zo mu je gidana ta huta, ta ba ni badon ni zan ci. Ta girgiza kai, ta ce ba nawa ba ne. Ta miƙe da ƙyar, ta ajiye ƙwaryar a bakin ƙofa, ta gyara faifan da kyau don kada ƙasa ta shiga, ta nufi tasha. Ba ta kai kwanar layin ba awakin maƙwabta suka ture faifan.