Hancina Ya Dawo a 'Yandoto

Tun asuba muka tashi, amma sai da rana ta fito muka bar Gusau, domin maigidana ya ce hanyar Tsafe ba a kama ta sai an ji daga bakin direbobin tasha yadda ta kwana.

Ga wanda bai san ni ba, sana'ata haɗa turaren wuta da humra ce, a wani ɗan shago mai taga ɗaya. Tun bayan azumi hancina ya daina aiki. In buɗe kwalbar sandal, in ji kamar na shinshina ruwan randa. Wata Hajiya da ta daɗe tana sayen kayana ta dawo min da humra, ta ce, "Wannan ba hannunki ba ne." Ga bikin 'yarta ya matso, ta kuma ce in aka sake haka za ta nemi wata. In Hajiya ta tafi, ƙawayenta za su bi ta. A asibiti aka ce hayaƙi ya yi min yawa, in nemi iska. Shi ne maigida ya ce in rufe shago mu tafi hutu.

Ni hutun da na sani na littattafan soyayya ne: otal, furanni, lemo mai sanyi, miji yana kallon matarsa har ya manta da abinci. Saboda haka na sa leshi da takalmi mai tsini.

Muna wuce shingen jami'an tsaro maigida ya ce wa direba mu sauka a Kwatarkwashi. Ya ce min nan ƙasar Bungudu ce. Na ce ai Bungudu hanyar Sakkwato take, mu kuma Tsafe muka nufa. Ya yi min bayani har sau biyu, ban gane ba. Abin da na gane shi ne dutsen nan da nake hangowa ta gilashin mota, hawansa za mu yi.

Ban yi nisa ba na cire takalman na riƙe a hannu. Inda muka tsaya, iska tana kaɗa mayafina, shaho yana shawagi, gonaki kore shar har iyakar gani. Na ce a raina yanzu ne maigida zai faɗi kalmar da zan riƙa tunawa har tsufa. Ya matso kusa da ni, ya nuna da yatsa, ya ce, "Kin ga can? Waken suya ne." Na ja numfashi da ƙarfi. Babu ƙamshin komai. A gindin dutsen muka sha fura da nono wurin wata Bafulatana, mai kauri, ga araha fiye da na Gusau, na sha kamar ina shan magani.

Daga nan muka shiga wata motar zuwa 'Yandoto, muka sauka gidan gwaggon maigida, wadda kowa ke kira Inna. Na ɗauka baƙuwa kwanciya take yi a kawo mata abinci. Washegari Inna ta miƙo min silifas da kwando, ta ce mu tafi tsinkar kuɓewa. Gonar da ta ce "nan kusa" ce, sai da muka tsallaka rafi. Hannuna ya yi ƙaiƙayi, bayana ya ƙage, na rasa ko hutu na zo ko ƙwadago. Amma na yi barcin da na manta irinsa, wayata ma ban san inda na ajiye ta ba.

Ranar da za mu dawo, mun shigo daga gona ke nan wani wari ya buge ni tun daga zaure. Na toshe hanci da mayafi, na ce, "Inna, me ya mutu a gidan nan?"

Ta ɗago daga kan wani kwandon da ta buɗe, ganye a hannunta. "Mi kika ce? Daddawata ce ta nuna, marar kunya!"

Sai na tsaya da mayafi a hanci. Na sauke shi a hankali. Warin yana nan. Na durƙusa na kai fuskata bakin kwandon, ina shaƙa, hawaye na zuba.

Inna ta dubi maigida. "Kai, matar nan taka lafiya take?"

Ya ce, "Yanzu ta samu, Inna."

Daga nan komai ya biyo baya: hayaƙin murhu, garken awaki, jiƙaƙƙiyar ƙasa, har zufar maigida. Furen da na yi ta jira ko ɗaya ban gani ba.

Da muka iso Gusau na kira magini ya fasa min taga ta biyu, na fitar da kaskon turare waje. Na haɗa humrar biki. Hajiya ta ɗiga a bayan hannunta, ta shinshina, sannan ta ce, "Yawwa."

Har yanzu ban gane ko dutsen ne, ko gonar, ko barcin ba. Abin da na koya shi ne, mai ƙaramar sana'a jikinsa ne jarinsa, kuma shago ba ya guduwa don an rufe shi an fita an motsa ƙafa. Daddawar da Inna ta ƙunso min tana madafa. Kullum da safe, kafin in taɓa kwalbar sandal, ita nake fara shinshinawa.