Dekodar da Ta Gagari Amos

Duk wanda ya zauna a Damagaram shekarun baya, in dai rediyonsa ya taɓa shaƙewa, to ya san rumfar Amos a bakin hanyar da ke shiga Kara-Kara. Ubansa Tanko majo ne, wato babban ma'aikacin jinya, a wani ƙaramin asibiti, kuma dattijon majami'a. Ya so ɗansa ya gaje shi, amma Amos ba ya iya ganin jini. Da ya bar lakwal, wato makarantar boko, sai aka kai shi wurin Malam Dodo mai gyara, aminin uban nasa, ya koyi riƙon darma da awon waya. Ya yi zamanin kaset, ya yi na bidiyo. Da farantan parabol suka fara tsirowa a kan rufin gidaje, sai ya koma gyaran dekoda, akwatin nan da ke kamo tashoshi, har da masu diski a ciki waɗanda ke ɗaukar shiri su ajiye.

Yakan ce rediyo mai gaskiya ne, in ya yi ciwo kana ganin wurin. Dekoda kuwa ciwonta biyu: na jiki, wanda darma ke magancewa, da na ƙwaƙwalwa, wato lojisiyal ɗin da ke tafiyar da ita, wanda ba a gani balle a taɓa.

Shekarar da ruwa ya ɗauke, gero ya tsaya iya gwiwa bai fitar da kai ba, aiki ya ja baya. Mai kawo dekoda ba gyara yake nema ba, mai saye yake nema. Zafi ya yi zafi, kuran, wato wutar lantarki, kuma a ɗauke a kawo, kaya suna ta ƙonewa. Matarsa Asabe tana aiki a wurin jinyar yara masu tamowa. In ta dawo gida sai ta wanke hannu ta zauna, ba ta ko son a tambaye ta.

A cikin wannan rani ne Tahiru, wani ma'aikacin meri, wato ofishin magajin gari, ya zo da dekoda a naɗe cikin tawul. Bayansa wata tsohuwa ce doguwa, ta tsaya a rana har sai da Amos ya miƙo mata kujera.

"Gwaggona ce, Ya Kellu, daga Zermu," in ji Tahiru. "Akwatin nawa ne, amma abin da ke ciki nata ne."

Ya ba shi labari. Bayan da gonaki suka bushe, 'yan jaridar wata tasha ta waje sun je Zermu, suka ɗauki ɗanta Suma'ila tsaye a gonarsa yana bayani. Tahiru ya ci karo da shirin a talabijin, ya danna ɗauka. Ba a jima ba Suma'ila ya shiga yasar rijiyar gari da ruwanta ya yi ƙasa, ta rufta da shi. Bai taɓa ɗaukar hoto ba, sai na katin ɗan ƙasa da zufa ta cinye. Tun daga nan, in ranar kasuwar Mirriya ta zo, Ya Kellu takan bi mota ta zarce birni, ta zauna gaban talabijin ɗin Tahiru ta ga ɗanta yana magana.

"To shekaranjiya akwatin yana sabunta kansa, aka ɗauke kuran. Yanzu in ka kunna, kalma ɗaya yake nunawa ya tsaya nan."

Amos ya kwance murfin. Ya tarar da 'yan kondansatar, ƙananan gwangwanayen nan masu riƙe wuta, sun kumbura kamar cikin kwaɗo, ya ji sanyi a ransa, don wannan aikin hannu ne. Ya canja su. Ya kunna, kalmar nan ta fito ta tsaya. Ya ciro diskin ya kai sibar, shagon intanet, ya haɗa da ordinatar, wato kwamfuta. Ta gan shi, amma ta kasa karanta komi. Ya aro dekoda irinta sak a wurin wani abokin sana'a, ita kuwa sai ta nemi a share diskin kafin ta karɓe shi, ya yi maza ya zare waya. Nan ya tabbatar shirin a kulle yake, akwatin Tahiru kaɗai ke buɗe shi. Dole sai an sake zuba masa lojisiyal.

Da Tahiru da Ya Kellu suka dawo ya durƙusa gaban tsohuwar ya yi mata bayani a fili.

"Ya Kellu, zan iya sa wa dekodar sabuwar ƙwaƙwalwa. In Allah ya yarda ta farka ta gane kayanta. In kuma an yi rashin sa'a, ta farka ta manta. In na bar ta haka, ba za ta farka ba ko kaɗan. Ku za ku zaɓa."

Ta dube shi. "Ni me na sani a nan, ɗana? Kai ne likitan."

Da ta zaɓa da kanta, da ya fi masa sauƙi.

Ya aro gurup ɗin majami'a, wato injin ba da wuta, don kada kuran ya sake yin halinsa. Da safe shi da Asabe suka yi addu'a a kan aikin, abin da bai taɓa yi wa wata na'ura ba. Ya jona waya, ya soma tura sabon lojisiyal, yana kallon lambobi suna hawa, hannunsa a ƙirji. Suka cika. Akwatin ya mutu, ya tashi, sai ga tashoshi garau. Ya shiga ma'ajiyar shirye-shirye, ga sunan shirin nan. Ya danna.

Karan gero ya bayyana, da hannun mutum riƙe da shi. Wata murya mai kauri ta ce, "Kun ga wannan, da a ce ruwa…" Sai hoton ya farfashe ya zama 'yan murabba'ai. Daga cikin akwatin wani sauti ya taso, ƙas, ƙas, ƙas. Amos ya san sautin. Diskin ne, zafi da ɗauke-ɗauken wuta sun riga sun cinye shi, wannan juyin ne na ƙarshe da ya rage masa.

Ya canja waya. Ya sanyaya diskin a jikin randa. Ya juya shi ta kowane gefe. Ya aika wa tashar nan saƙo daga sibar, shiru. Har gidan Malam Dodo ya je, wanda ido ya fara gagara. Tsohon ya auna diskin a tafin hannu ya ce, "Mu a namu zamanin in zaren kaset ya tsinke, liƙewa muke yi, a rasa kalma ɗaya. Wannan kuwa ta ina za ka kama?"

Ranar da Ya Kellu ta dawo, Amos ya so ya rufe rumfa ya gudu. Ya faɗa mata duk yadda aka yi, har da kalmomin da ya ji. Ba ta yi kuka ba. Tahiru ne ya juya baya yana share ido.

"Yana ciki," ta tambaya, "ko ya fita?"

"Yana ciki, Ya Kellu. Ƙofar ce ba ta buɗuwa."

"To ba ni."

Ta ƙulle diskin a bakin zanenta, ta yi masa godiya, ta sa masa albarka. Ya fi son a ce ta zage shi.

Damina ta gaba an samu ruwa. Tsawa ta ƙona dekodoji da yawa, aiki ya dawo. Bayan kaka wani ɗan kasuwa ya kai shi Zermu ya kafa masa parabol. Yana kan tsani yana juya faranti sai ya ji ana kira daga ƙasa, "Mai gyara!" Ya Kellu ce, da ƙwaryar gero a ka.

Ya sauko ya gaishe ta. Ta tambayi iyali, ta tambayi birni, sannan ta rage murya.

"An samu maganin kuwa?"

"Ba a samu ba tukuna."

"To. Yana nan a ajiye, ba na barin rana ta taɓa shi."

Ta gyara zaman ƙwaryarta ta wuce. Amos ya daɗe riƙe da tsanin, har maigidan ya leƙo ya ce hoto bai zo ba fa, sannan ya hau.