Fis Ɗin Zinare da Kaset Ɗin Inna

Wata rana da hantsi, Malam Tukur mai gyaran rediyo ya ɗago kai, sai ga Alhaji Na'iya tafe, rungume da rakodarsa kamar mai kai jariri asibiti.

Karo na huɗu ke nan cikin wata biyu.

Malam Tukur ya ajiye sukuddireba, ya haɗiye tsakin da ya taso masa. Dattijo ne, ba a yi masa tsaki.

Alhaji Na'iya ya yi shekara talatin yana aikin masaƙa a Kaduna. A wancan zamanin babu wayar hannu, mahaifiyarsa kuma ba ta rubutu. In tana da saƙo sai ta zauna gaban rakoda ta yi maganarta, a ba direban motar garinsu kaset ya kai masa.

Inna ta daɗe da rasuwa. Kaset ɗaya tak ya rage, kullum bayan la'asar sai ya kunna shi.

To, yanzu kukansa guda ne: wai muryar Inna ta dusashe, kamar daga cikin tulu take magana. Tsoronsa kada wata rana ya kunna ya ji shiru.

Zuwan farko aka goge kan rakodar tas.

Na biyu aka canza sifika.

Na uku aka sauya wayoyi gaba ɗaya, alhali lafiyarsu ƙalau.

Yau kuma? Alhaji ya zura hannu aljihu, ya fito da wani ɗan akwati mai sheƙi. A ciki fis ne, baki biyu an shafa masa ruwan zinare. Wai a wani zauren hira na waya, na masu son kayan sauti, aka ce masa da zarar an saka wannan, sauti zai washe tangaran.

Jama'a, fis fa!

Ɗan siririn zaren waya ne a cikin kwalba. Aikinsa ɗaya a duniya: in wuta ta zo da hauka, ya ƙone don na'ura ta tsira. Maigadi ne. Yaushe maigadi ya koma gyara wa mutane murya?

Malam Tukur ya yi bayani har bakinsa ya bushe. Alhaji yana ta gyaɗa kai yana murmushi, da ya gama sai ya sake miƙo masa fis ɗin, kamar da bango aka yi magana.

Ran Malam Tukur ya ɓaci sosai. Ya karɓa, ya cire tsohon, ya saka na zinaren, ya danna kaset da ƙarfi don kowa ya huta.

Murya ta cika shagon. Muryar tsohuwa, garau, har ana jin kaji a bayanta. Ta gaishe shi, ta ba shi labarin damina, sannan ta ce: "Na'iya, an ce mini injinan nan naku ƙara gare su kamar aradu. Ka riƙa toshe kunnenka da auduga, ka ji? Kunne ba a sayen sa a kasuwa."

Malam Tukur ya dubi Alhaji.

Dattijon ya karkatar da kai, ya manna kunnen dama a jikin sifika, ya runtse ido yana laluben muryar uwarsa.

Nan Malam Tukur ya gane. Wata biyu yana jin haushin mutumin da ba ya saurare, ashe ba ji yake yi ba.

Ya kashe kaset, ya matso daf da shi, ya ɗaga murya.

"Alhaji, me Inna ta ce yanzu?"

"Ai ka ji matsalar, Malam Tukur. Nan wurin ya fi ko'ina lalacewa. Na san dai faɗa take yi mini."

"Ranka ya daɗe, kaset lafiya lau yake. Cewa ta yi ka kula da kunnenka."

Alhaji ya san maganar, ya ji ta tun yana saurayi, bai taɓa sa audugar ba.

Malam Tukur ya zare fis ɗin zinaren, ya mayar da tsohon. Ranar bai ƙara taɓa rediyon kowa ba. Ya rufe shago, ya goya Alhaji a babur zuwa wurin likitan kunne.

Bayan sati uku Alhaji ya dawo da wata 'yar na'ura maƙale a bayan kunne. Suka kunna kaset da tsohon fis ɗin nan da aka raina.

Da Inna ta zo wurin auduga, dattijo ɗan shekara sittin da takwas ya sunkuyar da kai, ya ce a hankali, "Na ji, Inna."

Darasi: Kafin ka sake kwance na'ura, ka duba kanka. Kai kuma mai saurin jin haushi irin Malam Tukur, in dattijo yana maimaita kuskure ɗaya, ka tsaya ka gano dalili, wataƙila ba taurin kai ba ne.

In akwai wani babba a gidanku da kullum yake ƙure ƙarar rediyo, tura wa 'yan uwanka wannan, ku kai shi a duba masa kunne.