Igiyar Tele Mai Bakin Zinari

In ana lissafin wawayen Mallawa kada a tsallake ni, don na yi abin da ya isa a sa ni a sahun gaba. Da farin gemuna, da jikokina, na ɗauki kuɗin da za su sayi ɗan akuya mai kyau na tsallaka iyaka na sayo igiyar tele wadda tsawonta bai wuce kamu uku ba. Wannan abu ko na so in manta da shi mutanen garinmu ba za su bari ba, shi ya sa na ga gara in ba da labarin da bakina kafin wani ya ƙara masa gishiri.

Ni dillalin shanu ne. Lakkol, makarantar boko, na shiga ta ƙofa na fita ta taga, don ranar da mushe, wato malaminmu, ya ɗaga bulala a kaina ban tsaya jin dalili ba. Abin da na iya a kasuwa na koye shi, kuma jarina duka ido ne. Saniya na tafe daga nesa zan gaya maka ko tana ɗingishi, ko an cika mata ciki da ruwa ne don ta yi kyau. Makiyaya na kawo mini dabbobinsu, fatake na nemana, duk saboda an ce idona ba ya ƙarya. Dillalin da aka ce ba ya gani sosai, ya tattara sandarsa ya koma gida jiran tuwo.

Babban ɗana da ke neman kuɗi a arewa shi ya aiko mana da tele, da parabol, farantin kama tashoshi, da panno na wutar hasken rana. Muka kafa ta a zaure. Da farko hoto tas, har ƙudan da ke kan mai karanta labarai kana gani. Sannu a hankali sai na fara ganin kamar an hura wutar ɗanyen itace a cikinta. Fuskokin mutane suka zama kamar dunƙulen fura. Na goge gilashin da hulata, na goge da tsumma, na sa aka juya parabol gabas aka juya yamma, hayaƙi yana nan.

Wata rana na ce wa uwar yarana, "Ke, kina ganin hayaƙin nan kuwa?"

Ta dubi tele, ta dube ni, ta ce, "To, Malam, tunda ka gani."

Ban fahimci wannan amsa ba sai daga baya. A gidanmu, kamar kowane gida a nan, ba a musu da maigida a kan abin da ya ce ya gani da idonsa. Kara ce, kuma ni na ɗauke ta a matsayin shaida.

Ranar wata Alhamis na gama ciniki a kasuwar Maigatari, tsallaken iyaka a Nijeriya, na biya ta layin masu kayan wuta, na yi wa wani ɗan kasuwa bayanin damuwata. Ko tambayata bai yi ba, ya ce, "Baba, ai igiyarka ce. Irin siririyar nan da ake haɗowa da dekoda ko? Hoto kamar ruwa yake, in bututu ya yi ƙanƙanta ba ya wucewa duka." Ya jawo wani kwali ya buɗe a hankali kamar mai fito da kayan lefe. Igiya ce mai kauri, an yi mata saƙa kamar ragamar raƙumi, bakinta biyu suna ƙyalli. Ya ce, "Ruwan zinari ne. Wannan manya ke sawa. Ba hoto kaɗai ba, har murya sai ka ji kamar mutum yana zaune kusa da kai."

Ku duba fa. Ni da na ƙare rayuwata ina yabon tsohuwar saniya har mai saye ya ɗauka karsana ce, ni aka yi wa wannan waƙa, kuma na taka rawa. Ko tayi mai kyau ban yi ba, don kada ya ga kamar ban kai manyan ba.

Da na dawo gida na cire tsohuwar igiya na jefa bayan tele, na sa sabuwa, na ja da baya. Wallahi sai na ga kamar hoton ya washe. Ba ƙarya nake ba, haka na gani, ko in ce haka kuɗina suka gani. Na kira mutanen gida na ce, "To, yanzu fa?" Suka ce, "Ma sha Allah." Maƙwabta suka shigo, na ɗaga musu igiyar suna taɓawa, kowa na cewa, "Lalle abu mai tsada daban ne." Wani ma ya ce murya ta fi fita. Na zama malamin igiya a unguwa. Duk wanda ya zauna a zaurena sai ya sha bayanin ruwa da bututu, kamar ni na ƙirƙiro shi.

Amma a raina na san da sauran magana. Hayaƙin bai tafi ba, na dai daina ambatonsa. Kuma ba a tele kaɗai yake ba. A kasuwa na koma shafa dabba da hannu fiye da da, ina buɗe baki ina lalube haƙora, ina jan mai ita da hira har ya faɗi abin da ya kamata in gani da kaina. In mutum ya yi mini sallama daga nesa sai in amsa da "ranka ya daɗe" har ya matso in ji muryarsa sosai. Duk wannan ban haɗa shi da tele ba. Ko kuwa na ƙi haɗawa.

Sai lokacin kokawar ƙasa ya zo, wadda ake nunawa a tele. Zaurena ya cika, har da makiyaya biyu da ke kawo mini shanu, da wani falke da nake saya masa. Ranar kuma taubashina ya zo daga Dogo-Dogo. Ɗan ƙanwar babana ne, tare muka tashi, kuma kun san tsakanin taubasai babu kunya babu fushi. Abin da ɗanka ba zai iya faɗa maka ba, abin da matarka za ta haɗiye, shi zai faɗa a tsakiyar kasuwa, kuma dole ka yi dariya.

Yana shigowa ya ce, "Ina bawan nawa? An ce ka sayo wa tele sarƙar zinari, matarka kuwa ko ɗan kunne babu."

Na ce, "Zauna, baƙauye. Yau za ka ga abin da ba a gani a Dogo-Dogo."

Na shiga cikin gida in sa a kawo masa fura. Da na fito an fara kokawa, kowa ya zuba wa tele ido, shi kuma ya kame a kan tabarma kamar mutumin kirki. Ya ce, "To, bawa, nuna mini bambancin, ni ban gane ba."

Abin nema ya samu. Na tsaya kusa da tele ina nuni da sanda. Na ce, "Dubi gumin da ke bayan wancan. Dubi layun da ke damtsensa, ɗaya-ɗaya. Da tsohuwar igiya ina za ka ga wannan? Saurari kalangu, kamar a ƙofar gida ake kaɗawa." Gaskiya ni ba gumi nake gani ba, ba layu ba. Na dai san ɗan kokawa ba ya rasa su.

Ya bar ni na yi ta zuba har na gaji. Sannan ya sa hannu cikin aljihun babbar rigarsa, ya zaro igiyata mai bakin zinari, ya ɗaga ta sama kamar ya kama maciji. Ashe da na shiga gida ya cire ta, ya mayar da tsohuwar da ke yashe a bayan tele, a gaban kowa, ya ce kada wanda ya yi magana.

Zaure ya fashe da dariya. Ni ma na buɗe baki zan yi, don in an kada kai gara ka tashi kana murmushi. Amma bai tsaya nan ba. Ya ce, "Tsaya tukuna. Wa ke tsaye a bakin ƙofa?"

Na duba. Mutum ne dogo da farar riga, haske na bayansa. Na ce, "Baƙo ne, a ba shi wuri."

Dariyar ta ɗauke. Ƙanina ne, uwa ɗaya uba ɗaya, wanda muke gaisawa kowace safiya.

Taubashina ya ce, "Tele lafiyarta lau. Yanar ido ce ta kama ka, bawa. Kowa a nan ya sani, kunyarka ake ji. Ni kuwa ba na jin kunyar abin da na mallaka."

Ban san wanda aka kayar a kokawar ranar ba. Hankalina na kan makiyayan nan biyu da falken da ke zaune, ina cewa a raina shi ke nan, kafin kasuwa ta ci labari ya riga ni isa. Da wani ne ya yi mini haka, da mun rabu har abada. Amma taubashi ne. In ka yi fushi da shi, kai za a yi wa dariya sau biyu. Na zauna na ce, "Allah ya isa tsakanina da kai." Ya ce, "Amin. Jibi zan zo da moto."

Ya kuwa zo da babur ɗin nasa. Ya kai ni Magariya, daga nan muka shiga mota zuwa Damagaram, yana tsokanata tun daga gida har gaban lokotoro, likitan ido. Aka duba aka ce yanar ce, ta kama idanun duka biyu, kuma da na ƙara jinkiri da aikin ya fi haka wuya. Aka yi wa ɗaya aiki, bayan wani lokaci aka yi wa ɗayan. Ranar da aka cire mini bandeji, abin da na fara gani shi ne fuskar taubashina, na ce wa lokotoro ya mayar da bandejin.

Abin da na ji tsoro ya faru, amma ba duka ba. Falken nan ya koma wurin wani dillali, bai dawo ba har yau, kuma ban ga laifinsa ba. Ɗaya daga cikin makiyayan kuwa, wani dattijo, ya jira ni. Da na koma kasuwa ya ce, "Mun daɗe da sani. Ba mu ga ka cuce mu ba, shi ya sa muka yi shiru." Na gode masa, amma na ce a raina, wannan shirun naku da ya kai ni ga sandar makafi.

Da ido ya warke na rufe zaure ni kaɗai, na gwada igiyoyin nan biyu. In sa wannan in zauna, in cire in sa waccan in zauna. Hoto ɗaya, murya ɗaya. Ko da ƙwayar gero babu wadda ta fi wata. Abin da na gane a nan, in igiya lafiyayya ce to ta gama aikinta, tsada ba ta ƙara mata komai. In ta lalace za ka sani, don hoton zai riƙa yankewa ko ya ɗauke gaba ɗaya. Yanzu duk wanda ya zo yana tambayata wace zai saya, sai in ce ya riƙe wadda aka ba shi, in kuma yana ganin hayaƙi ya tambayi wanda ba ya jin kunyarsa. Mutum ya fi son a ce laifin na wani abu ne da ake saya a kasuwa, don wannan da kuɗi ake gyara shi, ba sai an sunkuyar da kai ba.

Na fito daga zaure ina ta yi wa uwar yarana wannan bayani, ina jin kaina mai hikima. Tana tankaɗe, ba ta ɗago ba. Na tsaya ina kallonta, sai na ga furfura ta fito mata a gefen kallabi, na ce, "Ke, yaushe kika yi wannan furfurar?"

Ta ajiye rariya ta ce, "Tele ta yi maka dishi-dishi, ka tsallaka har Nijeriya neman magani. Ni da nake gabanka kullum ina yi maka dishi-dishi, ko sau ɗaya ban ji ka yi ƙorafi ba."